Ranar da Gwaggo Ta Yi Shiru

Duk wanda ya taso a layinmu da ihu yake magana. Har yau in na shiga kasuwa ina tambayar zare, sai mai shago ya ja da baya ya ce, baiwar Allah me ya yi zafi? Ba abin da ya yi zafi, haka muka saba. Wani da ya zo neman yayata ma zama ɗaya ya yi a ƙofar gidanmu. Ya jiyo mu muna hira da Inna a tsakar gida, ya lallaɓa ya sa takalmansa, daga baya ya aiko cewa shi ba zai iya da gidan da ake faɗa tun ba a ba baƙo ruwa ba. Gwaggo ce ta jawo mana wannan.

Gwaggo ba mutum ba ce. Injin wuta ne, ƙato, mai shan dizal, mai fenti kore da ya koɗe ya koma kalar da ba ta da suna. Babanmu ne ya raɗa mata sunan. Ya ce ta girme shi, don haka yayarsa ce, mu kuma gwaggonmu ce, kuma duk wanda ya ji mitarta da safe ya san ba a yi ƙarya ba. Tun yana saurayi yake kula da ita a wata masaƙa. Da masaƙar ta rufe aka zo za a farfasa ta a sayar da ƙarfen, ya yi ta zarya yana roƙo har aka bar masa ita. Da amalanke da ƙarti aka kawo ta layinmu, ya gina mata ɗaki jikin gidanmu, ya ja waya zuwa shagunan layin: teloli, mai aski, mai walda, mai sayar da ruwan sanyi, mai wanki da guga. Wutar babban layi kuwa, in ta leƙo yau, sai an manta kamanninta kafin ta sake dawowa. Daga nan sunan Baba ya ɓata, kowa sai Mai Inji.

Ina iya rufe ido in ga safiyarsa. Zai fito da tsumma a kafaɗa, ya buɗe ƙofar langa-langar, ya gaishe ta kamar yadda ake gaida babba. Ya duba mai, ya duba ruwa, ya goge ta tun daga kai har ƙafafu. Sannan ya ɗauko hannunta daga ƙusar da yake rataye shi. Wani lanƙwasasshen ƙarfe ne mai nauyi da ake zurawa a gefenta a murza kafin ta tashi, mariƙinsa ya yi sul saboda tafin Baba. Zai yi bisimilla, ya tofa yawu a hannu, ya fara murzawa a hankali, sannan da ƙarfi, har jijiyar wuyansa ta miƙe. Sai ka ji tuf, shiru, tuf, tuf, sannan ta kama gaba ɗaya, kwanon rufin gidanmu ya ɗauki rawa. Wannan ƙarar ita ce agogon layin. Yaron da Gwaggo ta tashi yana gida ya san ya makara makaranta.

Abin da ya fi ba ni mamaki da Baba kunnensa ne. In kana masa magana sai ka maimaita, amma Gwaggo ko numfashi ta sauya ya ji. Yana zaune a kan bencinsa zai ce mai walda ya fara aiki, ko mai guga ya jona dutse na biyu. An hana jona abin dafa ruwa saboda yana danne inji, amma mai aski, wani ɗan siriri mai bakin tsiya, ba ya jin kira. Da ya jona, muryar Gwaggo za ta yi ƙasa kaɗan, Baba ya miƙe, ya gyara tsummansa, ya taka har shagon ba tare da ya leƙa ko'ina ba, ya tsaya a ƙofa ya ce a zuba masa shayin shi ma tunda da wutarsa aka dafa. Mai aski zai yi ta rantsuwa alhali tururi yana tashi a bayan kujera. Haka suka tsufa tare, kullum faɗa, kullum kuma shi ke yi wa Baba aski.

Da hayaƙin Gwaggo aka ciyar da mu, aka yi mana sutura, aka kai mu makaranta. Keken ɗinkina na farko ma a shagon da ke kallon ɗakinta na kafa shi. Ba zan yi mata butulci ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ɗakin Inna da ɗakin Gwaggo bango ɗaya ne ya raba su, kuma salansar injin ta bi ta ƙarƙashin tagar Inna ta fita. Tun kafin in yi wayo aka buga wa tagar nan ƙusoshi, aka cusa tsummoki a duk wata kafa. Ban taɓa ganinta a buɗe ba. Baba ya taɓa ƙara wa salansar tsawo har ta wuce rufi, sai hayaƙin ya riƙa yin sama ya dawo ya sauka a tsakar gida. Farin kaya ba ya shanya a gidanmu, maƙwabta muke kai wa. In ka shafa bango, kunkunniya ce za ta biyo yatsanka. Ita kuwa Inna tari take yi, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, wanda in ya kama ta sai ta dafa bango, idanunta su kawo ruwa.

Baba bai taɓa jin tarin nan ba. Na san da wuya a yarda, amma haka ne. Da rana Gwaggo tana rufe shi. In ya kashe ta ya shigo gida, kunnuwansa na ƙugi, ko abinci bai gama ba barci ya ɗauke shi. Inna kuma ta iya ɓoyo. In ta ji yana taso mata Baba yana kusa, sai ta tashi wai za ta duba tukunya. In ya yi tsanani ta koma ɗakinmu ta ce nata zafi. Ta hana mu faɗa, ta ce duk wadda ta ɗaga wa ubanta hankali ba ta yafe ba. Ni dai bakina ba ya ajiya. Bayan na kai ta asibiti, likita ya duba hoton ƙirjinta ya tambaya ko tana shan taba, muka dawo na tsaya gaban Baba na zazzage masa komai. Ya juya ya tambaye ta. Ta yi dariya ta ce mura ce, Auta dai ta cika ƙari. Ya ce to kin ji, ya ɗauki tsummansa ya fita. Ranar na yi kuka don takaici, ban san da wa zan fara fushi ba, shi ko ita.

Ana haka ƙungiyar masu shagunan layin ta kawo maganar wutar sola. Wata injiniya aka turo, matashiya, mai takalmin maza da fara'a. Aka taru a gaban shagon mai walda, aka roƙi Baba ya kashe inji don a ji juna, ya ƙi, sai da ihu ta yi bayanin. Ta ce za a jera faifai a rufin shaguna, rana ta cika batura, kowa ya samu wuta ba mai ba ƙara. Ta ce hayaƙin irin waɗannan injuna ba ɓacewa yake ba, taruwa yake a sama yana riƙe zafi, shi ya sa zafin ke ƙaruwa, ruwan sama kuma ya daina zuwa a kan ƙa'ida. Baba ya ce sama da faɗi take, ɗan hayaƙin Gwaggo ina zai kai? Ta ce gaskiya ne Baba, na Gwaggo kaɗai ba zai kai ko'ina ba, amma ya tuna kowane layi a garin nan yana da tasa gwaggon, haka kowane gari, kuma duk sama ɗaya suke hura wa. Baba dai bai yarda ba.

Abin da ya ƙona masa rai shi ne yadda mutanen layin suka juya. Mai aski ya miƙe ya ce shi dai ya gaji, shekara da shekaru bai san abin da rediyonsa ke faɗa ba, kuma tawul ɗinsa ko sabo ne kwana biyu ya zama tsumman gareji. Aka yi dariya. Wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza, kamar ba da wutar nan suka aurar da 'ya'yansu ba. Ni ma na ɗaga hannu tare da su, kuma ko yau aka sake zan ɗaga, don ba tawul nake tunani ba. Baba ya dube ni, ya ɗauke kai. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwata sai da ka.

Aka yi aikin. Aka sa ranar gwaji, aka ce ranar kada a tayar da inji, a ga ko faifan za su ɗauki layin. Baba ya yarda ne kawai don ya tabbata ba za su ɗauka ba. Tun da safe ya goge Gwaggo, ya cika ta da mai, ya zauna a bencinsa da hannunta a kan cinya, yana jiran a zo a ba shi haƙuri. Ya ce bari dai mai walda ya kunna, za a ga ƙarshen wasan yara.

Mai walda ya kunna. Mai guga ya jona duwatsunsa. Kekena ya yi ta gudu. Fitilu ko ƙyaftawa ba su yi ba. Amma ba wutar ce ta ruɗa mu ba, shirun ne. Ashe akwai tsuntsaye a bishiyar bayan shagona. Ashe almakashin mai aski yana da ƙara. Mutane suka yi ta magana da ihu kamar kullum, sai su ji muryarsu ta cika layi, su kama baki suna dariya. Mai ruwan sanyi ya yi gulmar mai guga da muryar da ya saba, mai guga ya amsa masa daga shagonsa, aka kusa dambe. Baba yana zaune bai motsa ba, kamar wanda aka bari a tasha.

Bayan azahar na tsallaka na kai masa ruwa. Ina miƙa masa kofin, sai tarin ya taso daga bayan bango. Inna ta manta babu mai rufa mata asiri ranar. Ya kama ta sosai, irin wanda ba ya tsayawa, tana ja yana ƙwacewa, har da wannan shaƙar ta ƙarshe mai kamar za ta tafi da rai. Na ga Baba ya karkata kai, daidai yadda yake yi in Gwaggo ta sauya murya. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana sauraron ciwon ƙarfe ba sai an yi masa bayanin wannan ba. Ya tambaye ni wa ke nan.

Ya miƙe da ƙarfen a hannunsa ya shiga gida, na bi shi. Inna tana zaune a bakin gado, ta dafa ƙirji, tana ganinsa ta fara gyara ɗankwali tana neman murmushi.

"Tun yaushe?" in ji Baba.

Ta ce mura ce.

"Na ce tun yaushe?"

Ta dube ni, ta dube shi, ta ga yau babu wurin ɓuya. "Tun ina goyon Auta," in ji ta.

A lokacin ni kaina ina da 'ya'ya biyu. Baba ya zauna a ƙasa, shi da ko gaban likita ba ya zama sai an matsa masa. Ya ce don me ba ta faɗa ba.

"In na faɗa, Malam, ka kashe ta, mu ci me?"

Ya ɗora hannun Gwaggo a kan cinyar Inna, ya ce ta ajiye. Ta tura shi ƙarƙashin gado, bayan akwatinta.

In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Injiniya ta roƙi Baba ya riƙa kula da faifan da ɗakin batura, ya karɓa. Kullum da safe zai hau tsani da bokiti da tsumma mai laushi ya wanke su tas, don aikin wasa ba ya cikin jininsa. Amma ba daɗinsa yake ji ba. Na sha ganinsa ya kara kunne a jikin akwatin da ke rarraba wutar, ya daɗe, ya ɗago ya ce wannan ba ta magana. Yanzu ko mai aski ya dafa ruwan wanka bai sani ba. Ya rame, tafiyarsa ta yi sanyi. Duk mako zai buɗe ɗakin Gwaggo ya goge ta, ya sa mata mai a gaɓoɓi, ya zauna kusa da ita kamar mai dubiya. Inna kuwa ta fara murmurewa. Ba warkewa ta yi ba, likita ya ce abin da ya lalace ya lalace, amma tarin ya yi sauƙi, ta fara shanya fararen kayanta a gidanta. Tagar dai tana nan da ƙusoshinta, ba wanda ya tuna da ita.

Sai damina ta zo da wani irin lumshi. Kwanaki rana ba ta fito ba, yayyafi ba ya tsayawa, batura suka yi ƙasa har suka ƙare. Ga shi ana dab da komawa makaranta, teloli mun tara kayan yara. Ni na mayar da kekena na ƙafa na ci gaba da takawa. Wasu kuwa suka kasa haƙuri. Da hantsi sai ga su a ƙofar gidanmu, mai aski a gaba, ya sa bakinsa a zuma. Ya ce ai tsohuwar zuma da ita ake magani, ya ce layin nan ba shi da uba sai Mai Inji, ya ce yini ɗaya kawai suke roƙo, su za su kawo man. Na fito daga shago da almakashi a hannu na ce yau kuma tawul ɗin ya daina baƙi? Ya ce ke Auta ba da ke ake ba.

Na juya ga Baba ina jiran ya kore su, sai na ga akasin haka. Fuskarsa ta yi haske. Rabon da in ga idanunsa haka tun kafin a kawo faifan. Wannan ranar yake jira tun ranar gwaji: a zo har ƙofa a roƙe shi, a gaban kowa. Har yatsunsa motsi suke. Ya ce hannun ba ya wurinsa.

Ashe Inna tana jin komai. Sai ga ta ta fito, ta riƙo ƙarfen da hannu biyu saboda nauyi, ta goge masa ƙura da gefen zanenta. Ta san mijinta, ta ga yadda yake ƙarewa a kan benci.

"Karɓi, Malam," in ji ta. "Je ka tashe ta. Yini ɗaya ba zai kashe ni ba."

Na buɗe baki, ta harare ni, na rufe. Baba ya karɓa. Ya juya shi a tafinsa, babban yatsansa ya sauka daidai inda ya cinye ƙarfen. Mutane suka buɗe masa hanya. Ya taka zuwa ɗakin Gwaggo, ya tura ƙofa, ya shiga. Muka tsaya muna jiran tuf ɗin farko. Na ga Inna ta ja dogon numfashi ta riƙe, kamar mai shirin nutsewa a ruwa.

Ya daɗe a ciki. Da ya fito, hannun yana hammatarsa, a ɗaya hannun kuma guduma ce mai cire ƙusa. Bai kalli kowa ba. Ya zagaya jikin bangon, ya tsallake salansar, ya tsaya a gaban tagar Inna. Ya fara zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, sun yi tsatsa, kowace sai ta yi kuka kafin ta fito. Ya ciro tsummokin, baƙi ƙirin, suna marmashewa a hannunsa. Ya ja murfin tagar ya ɗaga shi sama. Ƙarfen da ke riƙe shi ya riga ya mutu, da ya saki sai ya faɗo. Ya sake ɗagawa, ya faɗo. Sai ya zaro hannun Gwaggo daga hammata, ya kafa shi a bakin tagar, ya tokare murfin da shi. Ya girgiza ya ga ya zauna daram.

Sannan ya juyo ga mutanen layin. "Ku yi haƙuri," ya ce. "Hannun yana da aiki."

Ba wanda ya yi gardama, har mai aski. Suka watse ɗaya-ɗaya. Kwana biyu bayan nan rana ta fito, daga baya ƙungiya ta ƙaro batura, ba a sake zuwa roƙo ba. Gwaggo ta zauna a ɗakinta, Baba yana goge ta duk mako har ƙarfinsa ya ƙare, kuma bai sake jin muryarta ba. Ya yi kewarta har ya koma ga Allah, wannan ba zan ɓoye ba. Ni ma wani lokacin da safe nakan tsinci kaina ina jiran ta tashi.

Amma abin da na fi tunawa shi ne abin da Inna ta yi ranar. Ta koma ciki, ta shiga ɗakinta, sai ga fuskarta a tagar, tana ƙyafta ido saboda haske, yayyafi yana taɓa mata goshi. Ta leƙa dama, ta leƙa hagu. Ta ce ashe daga nan ana hango shagon Auta. Baba ya jawo bencinsa ya ajiye a ƙarƙashin tagar, ya zauna. Daga ranar nan ne wurin zamansa, ita daga ciki shi daga waje, suna hira da ƙaramar murya wadda mu 'ya'yansu ba mu taɓa sanin suna da ita ba. In ta yi tari ya yi shiru ya karkata kai, sai ya lafa sannan ya ci gaba da magana.

Ta riga shi tafiya da shekara biyu. Gidan yanzu ni ce a ciki. Yarana sun sha cewa a kira kafinta ya gyara tagar nan a cire wannan tsohon ƙarfen, na ce duk wanda ya taɓa shi zai ji muryar da Gwaggo ta koya min.